Horar da matuƙa kan sabbin jirage: Ina matsayin kwalejin Zariya?

Duk lokacin da wani kamfanin jiragen sama a Najeriya ya sayo sabon samfurin jirgi, hankalin jama'a yakan tafi ne ga bikin tarbarsa a filin jirgi. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne makonnin da matuƙa kan shafe suna koyon sarrafa shi kafin a ba su amanar rayukan fasinjoji, da kuma inda ake ba su wannan horo.

Wannan batu ya shafi Zariya kai-tsaye, domin a kan hanyar da ta tashi daga Sabon Gari zuwa Samaru ne Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya take. An kafa ta a 1964 da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Da yawa daga cikin matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage umarni daga hasumiya a ƙasar, can suka yi karatu, ciki har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin.

Lasisi kaɗai bai isa ba

Ɗalibin da ya kammala a Zariya yakan fita ne da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, bayan ya tara sa'o'i 150 zuwa 200 a sararin sama cikin ƙananan jirage masu inji ɗaya ko biyu. Sai dai wannan lasisi bai ba shi damar zama a kujerar Boeing ko Airbus ba.

Kowane babban jirgi yana da tasa shaidar ƙwarewa ta daban. Ko da matuƙi ya shekara ashirin yana tuƙa wani samfuri, idan zai koma wani dole ya sake zama ɗalibi: ya karanci injuna da wutar lantarki da kwamfutocin jirgin, sannan ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda ke kama da ɗakin matuƙa sak, tana kuma motsi kamar jirgin gaske.

A cikin wannan na'ura ce ake jarraba shi da abubuwan da ba za a iya gwadawa da fasinjoji ba, kamar mutuwar inji yayin tashi, ko gobara, ko sauka cikin hazo. Bayan ya samu shaidar ma, ƙa'ida ta tanadi ya riƙa komawa na'urar kusan duk wata shida.

Darasin da aka biya da rayuka

'Yan Najeriya sun san abin da giɓi a wannan horo kan jawo. A ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, inda mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido.

Binciken hukuma ya ɗora alhakin hatsarin kan tashi cikin mummunan yanayi, da gazawar matuƙan wajen bin matakan kuɓuta daga iska mai sauya alƙibla ba zato. Rahoton ya kuma nuna cewa na'urar da aka yi amfani da ita wajen sabunta musu horo kan irin wannan iska ba ta dace da buƙatar ba.

Duniya baki ɗaya ta sake cin karo da wannan darasi a kan jirgin Boeing 737 MAX. An tallata shi a matsayin jirgin da matuƙan tsohon samfurin 737 za su iya komawa kansa bayan ɗan gajeren darasi a kwamfutar hannu, ba tare da shiga na'urar kwaikwayo ba. Hakan ya rage wa kamfanoni kashe kuɗi, amma matuƙa da dama ba su san da wata sabuwar manhaja mai suna MCAS ba, wadda ke iya karkatar da hancin jirgin ƙasa da kanta.

Jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonisiya a watan Oktoban 2018 da mutum 189. A ranar 10 ga Maris na 2019 kuma na kamfanin Ethiopian ya faɗi bayan tashi daga Adis Ababa da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. An dakatar da samfurin a faɗin duniya, kuma kafin Amurka ta sake ba shi izinin tashi a ƙarshen 2020, sai da aka wajabta horo a na'urar kwaikwayo.

Na'urar da aka daɗe ana jira

Shekaru da dama matuƙan Najeriya sun dogara ne da ƙasashen waje, kamar Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu da Habasha, domin wannan horo. Kamfani kan biya kuɗin na'ura da tikiti da masauki da kuɗin waje, ga jiran biza, ga kuma jirgin da zai rasa matuƙi na kwanaki.

Domin rage wannan nauyi ne gwamnatin tarayya ta amince a 2014 da sayen na'urar kwaikwayon Boeing 737NG daga kamfanin CAE na Kanada, kan kimanin dala miliyan 21. Da farko an shirya girke ta a Legas, amma a zamanin minista Hadi Sirika aka mayar da ita harabar kwalejin a Zariya. Ta iso ƙasar a 2020, sai dai an ƙara ɗaukar shekaru ana jiran kammala sharuɗɗan amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA.

A daidai wannan lokaci kwalejin ta soma maye gurbin tsofaffin jiragenta na koyo, irin su Tampico, da samfurin Diamond ƙirar Ostiriya. Sabbin suna amfani da man da manyan jirage ke sha, wanda ya fi sauƙin samu, kuma ɗakin tuƙinsu na allon kwamfuta ne. Ma'ana, tun daga matakin farko ɗalibi zai saba da irin abin da zai tarar a jiragen zamani.

Jirage iri-iri, na'ura guda

Amma a nan gizo ke saƙar. Na'urar kwaikwayo samfuri ɗaya take wakilta, alhali kamfanonin Najeriya sun rarrabu a kan samfura daban-daban. Air Peace ya karɓi jirginsa na farko ƙirar Embraer E195-E2 daga Brazil a farkon 2021. Ibom Air ya yi odar Airbus A220 guda goma a shekarar ta 2021. Rano Air na Kano ya soma aiki da Embraer 145, yayin da Max Air ya daɗe yana jigilar cikin gida da tsohon samfurin 737 wanda ya girmi NG.

Ke nan matuƙin da zai koma kan ɗaya daga cikin waɗannan jirage, na'urar Zariya ba za ta biya masa dukan buƙata ba. Tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin amincewa da sayenta da soma cin moriyarta ya ba kasuwa damar yin nisa.

Ga kuma matsalar kuɗi. Shaidar ƙwarewa kan babban jirgi takan ci dubban daloli, kuma tun bayan da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. A zamanin Nigeria Airways, wanda aka rushe a 2003, kamfanin ne kan ɗauki nauyin horar da matasa. Yanzu sau da yawa matashi ko iyayensa ko gwamnatin jiharsa ne ke biya, abin da ke barin wasu masu lasisi a gida ba aikin yi, yayin da kamfanoni ke ɗauko ƙwararru daga waje.

Abin da ya rage

Duk da haka, amfanin na'urar ba ƙarami ba ne. Samfurin 737NG na cikin jiragen da suka fi yawa a duniya, don haka Zariya na iya jawo matuƙa daga maƙwabtan ƙasashe, kamar yadda makarantar kamfanin Ethiopian ke yi a Adis Ababa. Hakan zai dogara ne kan tsayayyar wutar lantarki, da kayan gyara, da malaman da ba za a ƙwace su da albashi mai tsoka ba, da kuma amincewar hukumomin ƙasashen waje da horon da aka bayar.

Tambayar da ke gaban gwamnati da kamfanoni ita ce ko za su zauna su tsara sayen jirage da sayen na'urorin horo tare, ko kuwa kowa zai ci gaba da tafiya shi kaɗai, matuƙa kuma su ci gaba da bin layin biza duk bayan wata shida.