Ra'ayinmu: Kafin Hadari Ya Haɗo Daga Gabas

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Batsari ko Safana a farkon damina ya san wannan sa'a. Ana tsaka da zafi sai gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke cak, can kuma jar ƙura ta turnuƙe sama. Yara su fara leƙen taga, malami ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke bisansa, hedimasta kuwa ya tsaya bakin ofis yana shawara da zuciyarsa: ya sallami yara su ruga gida, ko ya riƙe su ƙarƙashin rufin da shi kansa bai amince da shi ba? Cikin 'yan mintoci ake yanke wannan hukunci, alhali rayukan ɗaruruwan yara ne a kansa. Matsayinmu a wannan reshe shi ne, bai dace a bar mutum guda ya yanke shi cikin firgici ba. Tun da rani ya kamata a yanke shi, a rubuta, kowa ya sani.

Ba gargaɗi ne babu a ƙasar nan ba. A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina: lokacin saukarta, tsawonta da yawan ruwanta. Hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. Matsalar ita ce tafiyar da saƙon zai yi daga Abuja zuwa ƙofar aji a Ruma ko Runka. Akasarinsa da Turanci yake fitowa, a intanet, ga mu kuma a yankin da layin waya ba abin dogaro ba ne. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da namu biyu, aka shafe watanni a haka. Duk shirin da ya jingina da waya kaɗai, ranar da aka fi bukatarsa zai iya yin shiru.

Ba mu kuma bukatar zuwa nesa neman izina. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya yi ajalin fiye da mutum 40 a Jibiya, maƙwabciyarmu ta arewa. Wata ƙasa mai suna Bangaladesh ta ga abin da ya ninka wannan: guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Abin da ya rage musu asarar rayuka daga baya bai tsaya ga na'urar hasashe ba. Sun horar da dubban 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika da tuta, sun kuma gina makarantu masu ƙarfi da jama'a ke fakewa a ciki. Darasin a fili yake: gargaɗi ba ya ceton rai sai ya isa kunnen wanda ya san abin da zai yi da shi.

Saboda haka muna kira ga kowace makaranta a reshen nan ta zauna da kwamitinta na SBMC kafin ruwan farko, ta fitar da tsari na shafi guda da Hausa, a liƙa shi a ofis da kowane aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wanda zai zo daga Katsina ya gaya mana ajin da bangonsa ya tsage.

Tsarin ya fara da sunan malamin da zai riƙa sauraron hasashen yanayi a rediyo kowace safiya, da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. A ware wani bugun ƙararrawa na musamman wanda ko ɗan aji ɗaya ba zai ɗauka na tara ba ne. A tantance ajin da ya fi ƙarfin rufi da bango, domin can za a tattara yara, nesa da taga, kowane malami riƙe da rajistarsa. Ajin da ke zama ƙarƙashin bedi shi za a fara tasarwa, domin gindin itace na cikin wurare mafi hatsari lokacin tsawa. A koya wa yara ƙidaya: ƙarar aradu tana cin kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hatsarin ya iso, kuma ba a fita sai an yi minti 30 da jin ƙarar ƙarshe. Mafi muhimmanci, in hadari ya riga ya haɗo, ba a sallamar yaron da zai tsallaka rafi ko kwazazzabo. Ruwan da bai kai wa babba gwiwa ba yana iya tafiya da ɗan shekara 7.

Da yake yawancin iskar nan da yamma ko cikin dare take zuwa, tsarin ya haɗa da malaman Islamiyya masu amfani da azuzuwanmu bayan mun tashi. Washegarin kowane ruwa mai ƙarfi kuma, kada yaro ya shiga aji sai an duba rufi da bango da masai.

Akwai abin da ya fi ƙarfinmu, a nan ne muke juyawa ga hukuma. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan aminci da tsaron makarantu. Muna so mu ga amfaninta a ajinmu. Muna roƙon sakatarorin ilimi na Batsari da Safana su bai wa shugabannin makarantu izini a rubuce na jinkirta tashi ko rufe makaranta saboda yanayi, yadda ba wanda zai ji tsoron takardar tuhuma don ya kare yara. Muna roƙon SUBEB ta sa a zagaya a ƙara wa rufin da ya saki ƙusa da katako tun cikin Afrilu, domin kuɗin ƙusa bai kai na sabon rufi ba, balle na rai. Muna kuma roƙon hukumar agajin gaggawa ta jiha da gidajen rediyon Katsina su riƙa isar da gargaɗin NiMet da Hausa, a lokaci sananne, tare da sanar da hakimai da dagatai da limamai.

Ku kuma iyaye, in yaro ya makara ranar hadari, ku sani yana hannun malaminsa. Kada fargabar da shekarun nan suka dasa mana a gefen Dajin Rugu ta sa ku fito nemansa cikin tsawa. Ku halarci zaman kwamiti, ku ji tsarin da kunnenku, ku faɗa mana rafin da ɗanku yake tsallakawa.

Ruwa rahama ne, mun yi ta roƙonsa, kuma tawakkali bai taɓa hana shiri ba. Muna fatan kowane wakilin makaranta zai zo taron reshe na gaba riƙe da kwafin tsarin makarantarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowane yaro gaban iyayensa lafiya.