TURANCIN DA KE RUƁEWA BAYAN SHEKARA BIYU

Jama'a, yau ga wata magana za mu baje a faifai, kowa ya tsinci nasa. Wani zai ce ina ruwan mai goro ko mai awon hatsi da zancen digirin dakta? To, da ruwansa ƙwarai. Yaron da ke neman zurfin ilmin nan ɗan wa ne? Kuɗin da za a kashe kuwa daga aljihun wa zai fito? Sau nawa aka sayar da gona, ko aka kwashe adashin uwa, don yaro ya ƙetare ya ƙaro karatu? Wanda ya biya kuɗin kaya kuwa yana da ikon ya kwance ya duba.

Ga yadda abin ya ke. Yaro ya gama digiri na farko a Zariya ko Kano ko Sakkwato, yana so ya tafi Ingila ya yi digiri na biyu ko na dakta, watau karatun bincike wanda a ke rubuta babban kundi a ƙarshensa. Sai jami'o'i da dama su ce ya kawo shaidar yana jin Turanci. Shaidar kuwa ita ce wata jarrabawa mai suna IELTS, wadda aka fara a 1989. Kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana. Makinta daga 0 zuwa 9, galibi kuwa 6.5 ko 7 a ke nema ga mai karatun bincike.

Masu jarrabawar su uku ne: British Council, da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij, da wani kamfanin Ostareliya mai suna IDP, wanda tun 2015 a ke cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Ku 'yan kasuwa kun gane karatun. Kafin 2024 ta ƙare kuɗin zama ɗaya a Nijeriya ya haura naira 200,000. A wannan shekara ce kuma aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ashe leburan gwamnati sai ya tara albashin kusan wata uku, bai ci ba bai sha ba, kafin ɗansa ya zauna sau ɗaya. In ya faɗi da rabin maki, sai a sāke lale.

Ƙararmu ta farko ita ce, wa ya kawo mana Turancin nan? Mu muka aika a kawo? A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. A 1914 aka haɗa Arewa da Kudu, aka yi ta mulkinmu da Turanci har 1960. Har yau da shi a ke shari'a a manyan kotuna, da shi a ke rubuta dokoki, da shi a ke koyarwa a jami'a. Yaron nan ya yi shekara 6 a sakandare da 4 a jami'a cikin Turanci, ban da na firamare. Amma gwamnatin Ingila tana da jerin ƙasashen da ta ce mutanensu ba sa bukatar jarrabawa. Akwai Amurka, akwai Jamaika, akwai Barbados, akwai Giyana. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Babu Gana, babu Nijeriya, ƙasar Wole Soyinka da ya ci kyautar Nobel a 1986 da rubutun Turanci.

A 2022 wasu samarin Nijeriya, ƙarƙashin ƙungiyar Policy Shapers, suka tara dubban sa-hannu suka kai kuka. Amsar da Ma'aikatar Cikin Gida ta Ingila ta bayar ita ce, sai in fiye da rabin mutanen ƙasa Turanci ne harshensu na farko. To, madalla. Amma Malta tana cikin jerin, alhali yawancin mutanenta harshen Malta suka tashi da shi. Sa'an nan kuma, ƙasa dukanta za ta tafi karatun? Mutum ɗaya ne zai tafi, takardunsa kuwa suna hannunsa. A duba su mana.

Ƙara ta biyu: takardar nan shekara biyu ta ke yi ta mutu. Mun san tumatir yana ruɓewa, mun san manja yana tsami. Amma harshen da mutum ke aiki da shi kullum, yaya zai ruɓe? Malamin da ke koyar da ɗalibai da Turanci safe da yamma, ya ci jarrabawa bana, kuɗin tafiya ba su samu ba sai bayan shekara uku, sai a ce ya koma ya biya. Wanda jinkiri ke kamawa kuwa ɗan talaka ne, mai jiran tallafi. Ɗan mai kuɗi yau ya ci, gobe ya hau jirgi.

Ƙara ta uku ita ce babba. Me jarrabawar ta ke aunawa? Sashen rubutunta awa ɗaya ne: bayani na kalma 150 da muƙala ta kalma 250. Kundin dakta a Ingila kuwa ya kan kai kalma 80,000, aikin shekara uku ko huɗu. Wanda ya ɗanɗana gishiri a bakin buhu ba ya cewa ya auna buhun. Rubutun bincike sana'a ce dabam: yadda za ka jera hujja, yadda za ka ambaci mai magana don kada a ce ka yi sata, yadda za ka soki maganar babban malami cikin ladabi. Ko Baturen da aka haifa a Landan sai an koya masa wannan. Ɗalibinmu yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. In makinsa ya gaza kaɗan, a ce ya biya kwas ɗin share fage na makonni. In ya zo ƙarshe, sau da yawa sai ya ɗauki mai gyaran rubutu da kuɗinsa. Mai karɓar kuɗin ƙofa ya kamata ya shimfiɗa tabarma a ciki.

Ba za mu ɓoye gaskiya don ta ɗaci ba. Akwai jami'o'in Ingila da dama da ke karɓar sakamakon Turanci na WAEC, ko wasiƙar jami'ar da yaro ya gama. Mun yaba musu, su ne kuma hujjarmu a kan sauran. Har wa yau, gaskiya ne akwai masu digiri a ƙasar nan da ba su iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. To, laifin wa?

Nan za mu juyo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ɗan talaka ya tashi a ajin da yara suka cika har bakin taga, malami ɗaya, littafi babu. Ɗan babban mutum yana makarantar kuɗi, Turanci har a wajen cin abinci. A jami'a, darasin Turanci na kowa da kowa a farkon shiga a ke yinsa, cikin zauren da na baya ba ya jin na gaba. Daga nan shi ke nan, sai ranar rubuta kundi. Malami ɗaya an ɗora masa ɗalibai fiye da ƙarfinsa, babi ya yi watanni a kan teburinsa, ya dawo da jan biro ba bayani. Ɗalibi ya gaji, sai ya nufi shagon buga takardu a bakin ƙofar makaranta ya sayi kundi kamar mai sayen kwance. Wannan ba ilmi ba ne, ha'inci ne, mu kuma za mu sha a asibiti da kotu da aji.

Saboda haka ga abin da mu ke nema.

Na ɗaya, gwamnatin Nijeriya ta daina noƙe-noƙe, ta zauna da ta Ingila a kan a karɓi digirin da aka yi da Turanci a matsayin shaida.

Na biyu, wanda ya ci jarrabawa sau ɗaya, yana kuma karatu ko aiki da Turanci, kada a sāke karɓar kuɗinsa.

Na uku, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, harajin ribar kamfanoni ya ke ci, ribar kuwa daga cinikinmu ta fito. Ya ware kuɗi kowace jami'a ta buɗe ɗakin koyon rubutun bincike, kyauta, da malamai waɗanda aikinsu ke nan.

Na huɗu, a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, a sa wa'adin dawo da babi.

Na biyar, a Jami'ar Bayero ana rubuta kundin dakta da Hausa a fannin harshe da adabi, sama kuwa ba ta faɗo ba. To, kowane kundi a kan noma ko ciniki ko lafiya a taƙaita shi da harshen mutanen da aka yi binciken a kansu. Manomin da aka yi wa tambayoyi ya ji abin da aka gano.

Ku kuma iyaye, kafin ku kwance lalita ku sa yaro ya rubuta wa jami'ar ya tambaya: kuna karɓar WAEC? Wane taimakon rubutu za ku ba ni, kyauta ne ko da kuɗi? A ba shi amsa a rubuce. Ba ku sayen shanu a ƙarƙashin ruwa, kada ku sayi karatu haka.

Turanci kayan aiki ne kamar sikeli da mudu. A koya wa 'ya'yanmu riƙe shi da kyau, a daina kafa shi shinge a hanyarsu. Allah ya buɗa wa 'ya'yan talakawa. Amin.