Darajar Man Kaɗe Tun Gindin Itace Take Farawa

Manoma 'yan'uwa, yau zancenmu a kan kaɗanya ne, itacen da muka raina don ba mu muka shuka shi ba.

Masu yin man shafawa a Turai da Amurka ba su sayen mai sai masana sun auna abin da ke cikinsa. A hamadar Amurka da Meksiko akwai wani ɗan itace, hohoba, wajen rabin nauyin ƙwararsa mai ne. Da aka auna sai aka tarar ashe kaki ne mai ruwa-ruwa, ɗan'uwan kakin zuma, shi ya sa ba ya saurin lalacewa. Saboda wannan sani aka shiga nomansa gona gona bayan 1970.

To, mu ma Allah bai bar mu haka nan ba. Kowace mace mai dafa sabulu ta san ruwan toka yana juya mai ya zama sabulu. Amma cikin kowane mai akwai wani abu da ruwan toka ba ya cinsa. A man gyaɗa bai kan wuce kashi 1 cikin 100 ba. A man kaɗe kuwa ya ninka haka sau da yawa, har da wani abu mai kama da danƙo. Shi ne ke tausasa fata a lokacin hunturu, shi ne kuma masu sayen ke bi.

Sai dai akwai awo na biyu, watau na tsami, nan kuwa muke fāɗuwa. Bisa ƙa'idar da aka kafa wa ƙasashen Afirka a 2017, man kaɗe mai lamba ɗaya tsaminsa ba zai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Me ke kawo tsamin? Kaɗen da ya daɗe a ƙasa cikin damina har ya soma tsiro, da wanda aka zuba a buhu da danshi ya yi funfuna. Wanda aka busar da hayaƙi kuma, warin da dattin hayaƙin ba su ɓuya ga masu awo.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A tsince da wuri, a cire naman, a dafa ƙwarar kafin ta kwana da yawa, a shanya a rana bisa tabarma har ta riƙa kaɗawa cikin ɓawonta, sa'an nan a adana wurin da iska ke shiga.

A watan Agusta 2025 Gwamnatin Nijeriya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe har wata 6, don a riƙa matse man a gida. Niyyar ta yi kyau, amma a ganina doka ba ta gyara ƙwarar da ta riga ta rube. Ya kamata malaman gona su bi ƙauyuka su koya wa mata wannan aiki, 'yan kasuwa kuma su bambanta kuɗin mai kyau da maras kyau. In kuɗinsu ɗaya, wa zai wahala?

Ku kuma masu gawayi, ku ji tsoron Allah. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta soma 'ya'ya, gatari kuwa hantsi ɗaya ya ishe shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.