An Sayar Mana Da Doki, An Riƙe Linzami

Akwai wata dabarar cin kuɗi da kamfanonin gem suka daɗe suna yi, mu kuma muna haɗiyewa kamar magani. Ka sayi inji, ka sayi faifan wasa da kuɗinka cikakku, sai ka tarar an kulle wani ɗaki a ciki, makullin kuma yana jikin wata na'ura daban da aka ce maka saye ba dole ba ne.

A 2010 Microsoft ta fito da Kinect, kyamarar da ke karanta motsin jiki da murya, a kan dala 150. Sony ma ta fito da sandarta ta Move a shekarar. Babu wanda ya hana su. Mai son tsalle a gaban talabijin ya je ya yi. Rigimarmu ta fara ne lokacin da aka soma ɗebe abubuwa masu amfani daga wasannin da ake bugawa da fad ana jingina su ga kyamara. A FIFA 13 na Xbox 360, mai Kinect kan canza ɗan wasa ko tsarin tawaga da baki, ƙwallo na tafiya. A Skyrim an ƙara umarnin murya sama da 200 a 2012, duk sai da Kinect. To murya fa ake magana! Makirufo ke ɗaukar murya, kuma akwai shi a jikin abin kunne mai araha da ake soka wa fad. Me ya kawo kyamarar dala 150 cikin zancen, in ban da kaya sun yi kwantai ana neman wanda za a ɗora wa?

Wanda ya tsara wannan bai taɓa leƙa rumfar gem a Geza ko Bagudo ba. Injin da ke rumfunanmu ɗan Kwatano ne, wani yaro a Turai ya gama yayinsa, ya sha hannu kafin ya iso mana ta wajen Tsamiya. Da fad ɗaya yake zuwa, in an yi sa'a biyu. Kyamarar tana can inda aka baro ta. A ce ma ta zo: Kinect na son mutum ya ja baya kusan mita biyu, fili fetal, alhali a rumfarmu gwiwar wani a bayan wani take. Janareto na ruri, 'yan kallo na ihun a buga, na'urar kuma ba ta jin Hausa, ba ta jin Zabarmanci, balle Fillanci. Mai rumfa ya biya kuɗin wasan gaba ɗaya, yaro ya biya kuɗin zamansa gaba ɗaya, dukansu ragagge suka samu.

Za a ce ai ƙari ne kawai, wasa na tafiya ba shi. Ƙarin da ke ba mai wasa damar yin canji ba tare da tsayar da wasa ba, ya wuce ado. Kasuwa ma ta ba su amsa. Microsoft ta haɗa Xbox One da Kinect dole a 2013 a kan dala 499, a 2014 ta cire shi ta sauko 399, a 2017 ta daina ƙera shi kwata-kwata. Abubuwan da aka kulle a tsofaffin faya-fayan kuwa suna nan a kulle, kuma waɗannan faya-fayan su ne ke hannunmu yau.

Halin bai mutu ba. A 2018 Nintendo ta saki Pokémon Let's Go, ta ɓoye halittar nan Mew a cikin Poké Ball Plus, ƙwallon roba da ake wurga hannu da ita, dala 50. Ko ka kwana shekara kana bugawa, ba za ka kamo Mew a cikin wasan ba sai ka sayi ƙwallon, kuma sabuwa: kowace ƙwallo Mew ɗaya tak take bayarwa, wadda ta biyo ta Kwatano tuni mai ita na farko ya kwashe.