Iccen Keita, tukunyar Yamai

A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai ma'aikata da ƴan kasuwa masu cewa kuɗin da ake kashewa wajen raya ƙasa a karkara asara ne, gara a zuba musu kwalta a ƙara musu fitilu. Masu wannan magana sun yi gajeren lissafi.

Dattawa ba su manta da farin shekarar 1984 ba, wanda aka laƙaba wa suna El Buhari. Da gonaki suka ƙi, dabbobi suka mutu, mutanen ƙauye birni suka nufa. Tiyar hatsi ta yi tsada, har mai albashi ya ji a jikinsa.

A wannan shekara aka yi taron Maraɗi na yaƙi da hamada, aka kuma buɗe aikin Keita, cikin jihar Tawa, da taimakon Italiya da hukumar FAO. Talakawa, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka bisa fako domin ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Tun 1975 kuwa manoman Majiya, a ƙasar Buza, suka fara shuka bedi layi-layi don tare iskar da ke binne shuka. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun koyi barin tohon gawo da kalgo cikin gona, har an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa.

Wannan aiki nesa yake da birni, amma ribarsa kusa take. Hatsin da mutumin birni ke ci, da albasar miyarsa, da iccen da ke dafa tukunyarsa, duk daga karkara suke zuwa. Manomin da gonarsa ta ciyar da shi kuwa ba ya barin gida ya zo neman sadaka bakin kasuwa.

Saboda haka bai isa ba ma'aikaci ya shuka icce ɗaya ranar 3 ga Agusta ya koma ofis. Ya kamata ya rage ƙona itace ta hanyar aiki da gas ko murhu mai sauƙi. In kasafin kuɗin ƙasa ya zo gabansa, kada ya fara yanke rabon dashe da rijiyoyi na ƙauyukan da bai taɓa gani ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.