Riƙon Tsofaffin Taurari: Riba Ko Asara Ga Kulob-Kulob Na Besbol?

A wasan besbol na Amurka, wato ƙwallon nan da ake maka wa kulki, akwai tambayar da ta daɗe tana haɗa masu kulob faɗa da magoya baya: idan kwantiragin gwarzon da jama'a suka fi ƙauna ya ƙare, a riƙe shi ko a sallame shi?

Tushen matsalar yana cikin ƙa'idar wasan. Sai ɗan wasa ya yi shekara 6 a babbar gasar ƙasar kafin ya sami 'yancin komawa wurin wanda ya fi tayi. A lokacin yawanci ya doshi shekara 30, ƙarfi ya fara raguwa. Ke nan kulob yana biyan kuɗin aikin da ya riga ya wuce, kamar mai sayen sa a kan ƙibarsa ta bara.

Idan za a iya tunawa, a Disamban 2011, bayan St. Louis Cardinals sun ɗauki kofi, gwarzonsu Albert Pujols ya koma Los Angeles Angels a kan dala miliyan 240 na shekara 10. Ran magoya baya ya ɓaci, amma a 2013 sai ga Cardinals a wasan ƙarshe ba tare da shi ba. Su kuwa Angels sau ɗaya tak suka kai zagayen fitar da gwani da shi, a 2014, kuma suka sallame shi a 2021 tun kwantiragin bai cika ba. Detroit Tigers da suka ƙara wa Miguel Cabrera shekara 8 a kan dala miliyan 248 a 2014, bayan kakar wasan shekarar ba su sake leƙa wannan zagaye ba sai 2024, bayan ya yi ritaya, ko da yake ba shi kaɗai za a ɗora wa laifi ba.

Sai dai kuma sallama ma tana da nata ciwon. Boston Red Sox sun rabu da Mookie Betts a 2020 yana ɗan shekara 27, ganiyar ƙarfinsa. Ya ɗauki kofi da Dodgers a shekarar, ya sake a 2024, yayin da Boston suka zama kurar baya a rukuninsu a 2020 da 2022 da 2023. A ganinmu, shekarun ɗan wasa da tsawon kwantiragi su ne abin dubawa, kuma a nan Boston suka yi hasarar da ta fi ta kowa.

Shi kuwa Pujols, Cardinals sun maido shi a 2022 na shekara ɗaya a kan dala miliyan 2.5, kuma a hannunsu ya cika bugu na 700 na fitar da ƙwallo bayan katanga.