Hanyar Gwarzo Ba Kan Iyaka Ba Ce

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwar Gwarzo da Kabo, ku kasa kunne. Mun daɗe muna ganin ɗan kwastan ya tare mota a kan titi, ya sauke shinkafar ɗan tireda, mai kaya ya koma gida yana cewa haka Allah ya so. Mu kuwa muna cewa a je kotu.

Ga dalilinmu. A watan Yunin 2019 'yan kwastan suka kama motar wani ɗan kasuwa a hanyar Kaduna zuwa Zariya, da shinkafar waje buhu 613 da gero buhu 80. Suka kai shi Babbar Kotun Tarayya da sunan fasa-ƙwauri, kotu ta sallame shi. Ba su haƙura ba, suka ɗaukaka ƙara. A watan Disambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta kori ƙararsu. Ta ce wannan hanya ba kan iyaka ba ce, mutumin kuma saye ya yi a cikin ƙasa, ba shi ya shigo da kayan ba. Ta ce a mayar masa da kayansa da motarsa, ko a biya shi kuɗinsu.

To, in hanyar Kaduna zuwa Zariya ba iyaka ba ce, ashe ta Gwarzo zuwa Dayi ce iyaka? Iyaka tana Jibiya, tana Maigatari, tana Illela. Wanda kaya suka wuce ta gabansa a can, da wace fuska zai zo ya ƙwace su hannun mai sayar da kwano-kwano a Kabo?

Ba ma goyon bayan fasa-ƙwauri, domin manomin shinkafarmu shi yake cuta. Amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya hana ƙwace dukiyar mutum sai bisa doka, sashe na 251 kuwa ya ba Babbar Kotun Tarayya shari'ar kwastan, kuma akwai ta a Kano.

Saboda haka kada ku sayi kaya ba rasit. In an kama, ku nemi takardar kamu, ku rubuta rana da wuri da yawan buhu. Kada ku ba da cin hanci. Shari'ar nan ta ci shekara 5, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya shi kaɗai ba. Kowace ƙungiyar kasuwa ta buɗe asusun lauya tun yau, domin wanda aka ƙwace wa jari bana, ba shi ne na ƙarshe ba.